Nuris ɗin da na sa a garkar albasa, ga abin da na gani

'Yan'uwa masu noman rani da ke ta tambayata kan nuris ɗin nan da plombiye ya haɗa mani a garkata nan bayan garin Tawa, abu ne mai kyau ƙwarai amma fa sai an haɗa shi daidai.

Guntun tiyo ne mai faɗi, ruwa na shigowa ta baki ɗaya daga shato, wato tankin ruwa na sama, sai ya fita ta bakuna da yawa, kowane baki da nashi robine. Nawa uwar, wato babban tiyon, faɗinta milimita 63 ne, 'ya'yan da ke fita daga jikinta kuma milimita 32, kuma wallahi nan ne maganar take, don in uwar ta matse ruwa sai ya riƙa gudu yana gogar tiyo ƙarfinshi na raguwa, wani layi ya sha ya ƙoshi wani kuma ɗigo kawai yake samu. Da can tiyo guda nake ja da rassa a hanya, fangalin farko ya cika har ya malala na ƙarshe ƙasa a bushe, albasar can sai ta fito ƙanana kamar goro. Yanzu layin kusa in ɗan rage mashi robine, na nesa in sake mashi duka, sai su zo kusan daidai. In wani tiyo ya fashe kuma shi kaɗai zan rufe sauran na ta aikinsu, wannan kaɗai ya isa in ce kuɗina bai faɗi ba.

Amma a sani nuris baya ƙara ƙarfin ruwa, rabawa kawai yake. Da bar ake auna ƙarfin ruwa, tsawon shato na mita 10 ke bada kusan bar 1, shatona mita 5 ne ke nan rabin bar, shi ya sa bana buɗe bakunan duka a tare, biyu-biyu nake bi.

Abin da bai yi mani ba hannuwan robine na roba, zafin watan Afrilu ya busar da su suka riƙa karyewa a hannu, sai da na canza na tagulla na kuma yi mashi 'yar rumfa da zana. Sannan yashin furaj, in ba ka sa filtir kafin nuris ba zai taru a bakin ƙarshe ya toshe, musamman masu gutagut, wato tiyon ban ruwa na ɗigo-ɗigo, da hudojinsu ƙanana ne. Ku ce ma plombiye ya bar murfi mai zare a ƙarshen uwar, da shi nake wanke yashin ba sai na kwance komai ba.