Gasar Olamfik ko Yankin Ciniki na Musamman?

Ana yawan tambaya: birnin da ke farautar jarin waje, ya karɓi baƙuncin babbar gasa ne, ko ya ware yanki mai sassaucin haraji?

Wajen kuɗi, gasa ta fi haɗari. Dole a gama filaye da masauki kafin ranar buɗewa, sai 'yan kwangila su ci karensu ba babbaka. Montreal ta ƙasar Kanada ta karɓi Olamfik a 1976, bashin bai ƙare ba sai 2006. Barcelona ta ƙasar Sifaniya kuwa ta amfana da gasar 1992, don ta gyara bakin tekunta, aikin da dama take bukata.

Yankin ciniki ana gina shi daki-daki, amma sai da wuta tsayayya, tashar jiragen ruwa kusa, da kwastam mai saurin sallamar kaya. Shenzhen ta ƙasar Sin, wadda aka mayar irin wannan yanki a 1980, ta dogara da kusancinta da Hong Kong. In babu waɗannan, sai a tashi da katanga da rumbuna wayam.

Gasa ta dace da birnin da ya riga ya mallaki filayensa, yana neman 'yan yawon buɗe ido. Yankin ciniki kuma na birni mai tasha da ma'aikata birjik.