Garejin da ya tayar mini da tsohuwar Hilux, ya kuma ɓoye mini ruɓewar shasi

Motar da zan yi magana a kanta Toyota Hilux ce ƙirar 1994, irin wadda ake kira LN106, mai injin gas 3L na lita 2.8, mai sifirin ganye gaba da baya, kuma mai jan ƙafa huɗu. Ta marigayi mahaifina ce, ta shekara bakwai tana ajiye a gindin darbejiya a gidanmu na Zariya, har kaji suka mayar da ƙarƙashin kujerarta akurki. Da na yanke shawarar tayar da ita domin aikin gona, sai na sa aka ja ta zuwa wani gareji a Kaduna wanda abokan aikina suka yi ta yabo. Maigidan garejin ya zagaya ta sau biyu, ya ce nan da mako shida zan tuƙa abata zuwa gida.

Dole in fara da faɗin gaskiya game da injin, domin a nan sun burge ni ƙwarai. Sun wanke tankin mai, sun sauya bel ɗin taimin da nozul huɗu, sun gyara lagireto, kuma ba su matsa mini in sayi wani inji na tokumbo ba kamar yadda wasu bakanikai biyu suka ba ni shawara tun farko. Makullan ƙafafun gaba, waɗanda ake murɗawa da hannu daga FREE zuwa LOCK, sun ƙame saboda daɗewa, maigidan da kansa ya raka ni kasuwar Panteka, inda ake sayar da kayan gyaran mota, muka zaɓo wasu masu kyau. Ranar da na fara gwada ta a hanyar gonarmu ta wajen Giwa cikin watan Agusta, na kulle ƙafafun gaba, na jefa ƙaramar giya a L4, wato giyar ƙarfi mai jan ƙafa huɗu, ta ratsa taɓon fadamar da ko babur sai an tura shi, ba tare da ta yi gardama ba. A ranar na kira mutum uku na ba su kwatancen garejin, abin da yanzu nake jin nauyinsa.

Matsalar tana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta. Mahaifina ya yi shekaru yana ɗaukar takin zamani da motar, kuma duk manomi ya san yadda yuriya ke cin ƙarfe idan ta haɗu da danshi. Takin da ya riƙa zubewa ta ramukan bodi ya sauka kan shasi, musamman daidai kunnen da ke riƙe sifirin baya na hagu. Tun ranar farko na nuna wa maigidan wurin da yatsana, muka yi yarjejeniya cewa za a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, a sa faranti mai kauri da waldar lantarki, kuma ba za a shafa fenti ba sai na zo na gani. Da na zo, sai na tarar an riga an mulke shasin gaba ɗaya da baƙin fenti yana sheƙi. Na tambayi dalili, ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ai mun gama da nan tuni, ko tirela ba za ta fi ta ƙarfi ba." Na yarda, domin mutumin da ya tayar da injin da ya shekara bakwai a kwance bai yi mini kama da mai ha'inci ba.

A watan Nuwamba, lokacin kwasar masara, na ɗora mata buhu takwas, wanda bai kai abin da aka ƙera ta ta ɗauka ba. Muna cikin tafiya a kan gargada, ban fi gudun mai keke ba, sai na ji wata ƙara kamar an fasa tulu, bayan motar ya zauna ta hagu, taya ta fara gugar bodi tana hayaƙi. Ƙanena da yara biyu masu taya mu aiki suna zaune a kan buhunan, Allah ne kawai ya kiyaye da ba a kan kwalta muke ba. Kunnen sifirin ya ɓalle daga jikin shasi ɗungurungum. Wani mai walda na ƙauyen da ya zo taimako ya sa sukudireba ya kankare wurin, sai ga bodi fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, yana zubowa kamar ƙanzo, a bayansa kuma wani siririn gwangwani ne aka ɗan liƙa da waldar kabai a kan ramin da hannuna zai shige. Shi ne ya ciro maganaɗisun tsohuwar sifika daga aljihunsa ya bi jikin shasin da shi, duk inda ya ƙi kamawa fila ce, kuma ya ƙi kamawa a wuri uku.

Ina da nawa laifin a ciki, domin ni na nemi a ƙara ganye ɗaya a kowane sifirin baya don motar ta ɗan ɗaga ta kuma jure kaya. Sifiri mai tauri ba ya shanye dukan hanya, yana miƙa shi ne kai tsaye ga kunnen da ke riƙe da shi, saboda haka ƙarin da na biya kuɗi aka yi shi ne ya gaggauta karyewar. Amma wanda ya ƙara ganyen ya san abin da ya binne a ƙarƙashin fentin, kuma bai ce mini uffan ba.

Da na mayar masa da motar, sai ya ɗora laifin a kan yaransa, ya ce ranar ya tafi jana'iza, ya kuma yi ta ba ni haƙuri har na fara sassautowa. Ya amince zai sake aikin kyauta idan na sayo farantin, na sayo, na kuma zauna a kan benci kwana biyu ina kallon kowace walda. Aikin na biyu ya yi kyau, tun daga lokacin ta kwaso masara da waken suya ba tare da matsala ba, har na so in ce mun rabu lafiya. Sai dai zaman bencin nan ne ya tuna mini da sauran abubuwan da na haɗiye: mako shidan da ya zama wata biyar, feshin fentin da ya ɓata gilashin baya har yau bai fita ba, da kuma jak ɗin mahaifina na asali da ya shiga garejin tare da motar bai fito ba. Idan injin gas ne ya ba mutum wahala, har gobe zan iya nuna masa wurin, amma in ce ya kai musu aikin walda ko fenti, wannan ba da bakina ba. Mutum ukun da na tura na kira su ɗaya bayan ɗaya, na tarar ɗaya ya riga ya kai tasa motar, sai na aika masa da maganaɗisu. Jak ɗin kuwa, duk lokacin da na tambaya, maigidan cewa yake yi ana nan ana dubawa.