Ajin Faransancin Mushe a Maigatari, abin da na gani cikin wata 9

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare ta jeka-ka-dawo, ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, kuma yau wata 9 kenan ina hawa mashin sau uku a sati ina zuwa ajin nan, ruwa ko iska, dan haka inaga na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa musamman ga matasanmu da maganar Kanada ta shiga ransu kuma ake ta cin kuɗinsu a banza.

Mai ajin mutumin Damagaram ne, dattijo, ya shekara sama da 20 yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a can Nijar kafin ya dawo wajen ƴan uwansa na wannan ɓangaren. Kowa Mushe yake ce masa, haka ake kiran malamin boko a wajensu, mu ƴan Najeriya da farko bakinmu ya yi nauyi saboda kun san abin da kalmar take nufi a wajenmu, shi da kansa ya ce ku kira ni hakan, sunan aikina ne kuma ina alfahari da shi. Ajin kansa zaure ne aka faɗaɗa, benci biyar, allo ɗaya, fanka ɗaya da ƙaramar sola take juyawa, sai wata lasifika da yake haɗawa da wayarsa. Kuɗinsa dubu 6 a wata, wanda kuma bai samu ba har tiyar gero ko riɗi na ga ya karɓa bai ɓata fuska ba.

Abin da yasa na amince da shi tun ranar farko shine maganar da ya fara yi mana kafin ma ya ɗauki alli. Cewa ya yi, malamai ni harshe nake sayarwa, bana sayar da biza, duk wanda ya zo dan in ba shi biza ƙofa a buɗe take tun kuɗinsa bai shigo aljihuna ba. Wallahi maganar ta shige ni, saboda ɗan kawuna bara wani ejan a birni ya karɓe masa kuɗin bijimi guda da tumaki huɗu wai zai samar masa aikin gona a Kanada, aka ba shi wata takarda mai tambari, har yau ba aikin ba kuɗin, wayar mutumin ma ta daina shiga, kawu kuma har yanzu in aka ambaci tafiya waje sai ya tashi daga majalisa.

Toh mutane na tambaya, Kanada ba Turancin Ingila suke yi ba, me ya kawo Faransanci? Ni ma haka na ɗauka. Mushe ya ɗau kusan sati guda yana warware mana wannan da taswira da ya zana da hannunsa a jikin kwali, kuma a nan na gane mutumin ya yi bincike ba shaci-faɗi yake ba. Kanada harshen gwamnati biyu gare ta tun dokar 1969, Ingilishi da Faransanci. Lardin Kebek shine cibiyar masu Faransanci kuma su tsarinsu na ɗaukar baƙi daban ne, amma a wajen Kebek akwai wasu al'ummomi ƴan tsiraru masu Faransanci, kusan mutum miliyan ɗaya, a warwatse cikin masu Ingilishi, akwai su a arewacin Ontariyo wajen Sadbiri da Timins, akwai Akadiyawa a Niyu Buranzuwik wanda shi kaɗai ne lardin da a hukumance yake da harshe biyu, akwai unguwar San Bonifas a Winifeg ta Manitoba. A 1971 su ne kashi 6.1 cikin ɗari na mutanen da ke wajen Kebek, zuwa ƙidayar 2021 sun dawo wajen kashi 3.5. Tsofaffi na tafiya, yara na auren masu Ingilishi, harshen na ficewa daga gida. Makarantunsu na neman malamai, asibitocinsu na neman wanda zai yi wa tsohuwa magana da harshen da ta tashi da shi.

Da yana wannan bayanin sai na tuna da Fulanin unguwarmu da jikokinsu yanzu ba sa jin ko kalma goma ta Fulatanci, da Mangawan wajen Birniwa da Hausa ta shanye, kakar tana magana jika yana kallonta. Abin da suke gudu kenan, sai dai su gwamnatinsu ta sa kuɗi da doka a kai. Sun sa wa kansu ma'auni cewa cikin baƙin da za su zauna dindindin a wajen Kebek kashi 4.4 su zama masu Faransanci, suka cimma hakan a 2022, suka ɗaga zuwa kashi 6 na 2024, sannan 8.5 na 2025. Kaga kenan ba sadaka suke yi ba, su ma buƙata gare su, kuma ni wannan ya fi kwantar min da hankali akan a ce min wai tausayina ake ji.

Hanyoyin ma ya jera mana su daki-daki. Akwai Express Entry, tsarin da gwamnatinsu take zaɓar masu neman zama dindindin ta hanyar maki, wanda tun 2023 suke ware zaɓe na musamman dan masu Faransanci, amma sai ka kai mataki na 7 a NCLC, ma'auninsu na iya Faransanci, a duka huɗun, ji da magana da karatu da rubutu, ɗaya ta gaza shikenan sai ka sake. In kana da wannan matakin kuma Ingilishinka ya kai mataki na 5 ana ƙara maka maki 50, wanda mu ƴan Najeriya nan ne muke da riba tunda Ingilishin ba baƙonmu bane. Akwai Mobilité francophone, izinin aiki ne ga wanda ya samu mai ɗaukarsa aiki a wajen Kebek, shi mataki na 5 a ji da magana ya isa. Sannan a Janairun 2025 sun buɗe wani shirin gwaji na garuruwa shida da suka haɗa da Sadbiri da Timins da yankin Akadiyawa, shi ma sai da tayin aiki daga kamfanin da garin ya amince da shi. Akwai kuma na ɗalibai da aka fara a 2024, wanda Nijar tana cikin jerin ƙasashensa amma Najeriya babu, nan kam Mushe ya ja mana kunne sosai, ya ce na san wasunku iyayensu mata ƴan Dungas ne ko Magarya, kar shaiɗan ya raya muku ku je ku yi takardun ƙarya, in aka kama mutum da ƙarya shekara 5 ake hana shi nema.

Koyarwar kanta ita ce inda mutumin ya fi ƙarfi, musamman magana. Da Hausa yake buɗe maka ƙofar Faransanci ba da Ingilishi ba, kuma wannan babban abu ne. Ranar da muka zo kan namiji da mace na kalmomi, wanda aka ce shine yake wahalar da masu Ingilishi, sai ya yi dariya ya ce ku Hausawa ai kun sha wannan a nono, ba kwa cewa rana ya fito, kunnenku ya riga ya san abu yana da jinsi, aikinku kawai ku haddace inda muka saɓa. Rana a wajenmu mace a wajensu namiji, wata a wajenmu namiji a wajensu mace, tebur mu namiji su mace. Nan take abin ya zauna min. Ƙirga kuwa ni da nake malamin lissafi na ji daɗinta, 70 a wajensu sittin da goma ne, 80 kuma ashirin huɗu, 99 ashirin huɗu da goma sha tara, sai ya ce duk wanda ya iya lissafin sefa da dala da jaka a kasuwar Maigatari ranar Alhamis wannan ba zai gagare shi ba. Kuma ba a allo ya tsaya ba, ranar kasuwa yakan kwashe mu mu shiga kara wajen dabbobi ko layin ƴan zoɓo, ya haɗa kowa da wani baƙo daga tsallake da ya yi lakwal, ya ce ku yi ciniki ba Hausa ko kalma ɗaya. Ranar farko gumi na yi ta yi, amma a wata na biyar na yi hira ta kusan minti 20 da wani direban babbar mota ɗan Zinder akan tsadar mai da halin hanya, na dawo gida ina jin kamar an min bushara.

Wani abin da ya taɓa ni, wata rana aka yi maganar cewa Nijar a 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki kawai, wani ɗalibi ya ce Mushe kenan muna koyon abin da ku kuka yar. Ya ce ɗana, na yi murna da aka ɗaga Hausa fiye da yadda kake zato, amma harshe kamar fartanya ne, ba ka tambayar wane maƙeri ne ya ƙera ta in tana maka noma.

Yanzu inda ajin yake da rauni, dan ba zan ɓoye ba tunda kuɗi mutane za su kashe. Na farko rubutu. Jarabawar TCF Canada, wadda ake auna Faransancin mai neman tafiya da ita, tana da aikin rubutu uku cikin awa ɗaya, kuma ajin nan babu kwamfuta ko ɗaya, a kaye, wato littafin rubutu, muke rubutu da biro, Mushe ya tafi da su gida ya duba, wani lokacin sai sati biyu kafin kayenka ya dawo saboda shi kaɗai ne mu kuma mun kai 30. In ya dawo gyaran mai kyau ne, jan biro ko'ina da bayani a gefe, amma jiran yana kashe gwiwa, kuma wanda bai saba buga haruffan nan masu ɗigo da ƙaho a sama a kwamfuta ba zai sha wahala in ya samu kansa gaban na'ura agogo na tafiya. Ni dai sai da na riƙa zuwa kafe a Gumel ranar Asabar ina biyan kuɗin awa ina gwadawa.

Na biyu sauraro. Faransancin Mushe na Nijar ne, a hankali, kowace kalma tana fita fes, ka saba da shi ka ɗauka ka iya, sai ya kunna mana labaran RFI, rediyon Faransa, na saukakken Faransanci mai minti 10 nan ma muna bi, amma ranar da na sauko da wani shiri na Radio-Canada da datata na kawo aji, wallahi ajin ya yi tsit, kalmomin kamar an haɗiye rabinsu. A jarabawar kuma tambaya 39 ce cikin minti 35 kuma sau ɗaya ake kunna muryar. Na faɗa masa, bai ji haushi ba, ya ce ka yi gaskiya malam, daga ranar ya sa kowace Litinin mu fara da muryar ƴan Kanada ko ta ƴan Faransa, sai dai netwok ɗin wajen ba ya taimakawa, sau da yawa sai wanda ya shiga Gumel ko Kano ya sauko mana da su.

Damina ma ta ci ajin. Daga Yuli zuwa Satumba rabinmu muna gona, shi kuma ba ya maimaita darasin da ya wuce, ka dawo ka tarar an yi nisa cikin fi'ilan da suka shuɗe kai kana baya. Sannan lokacin ajin bayan la'asar zuwa magariba ne wanda bai yi wa mata daidai ba in daga ƙauye suke, akwai wata baiwar Allah ma'aikaciyar jinya da ta fi mu duka kaifin kai, wata biyu ta yi ta daina zuwa saboda dawowar dare, kuma irinta ne ma ake nema a can. Wannan ya dame ni sosai, na roƙe shi ya buɗe na safiyar Asabar ko da na mata zalla ne, ya ce in an samu mutum goma zai yi, yanzu muna da shida.

Maganar takardu kuwa ba ya taɓawa, kuma ni a wajena wannan yabo ne. Zai gaya maka cewa sai an tantance satifiket ɗinka ta wata hukuma irin WES, cewa sakamakon TCF ko ƴar uwarta TEF shekara 2 kawai yake aiki dan haka kar ka yi gaggawar zana ta kafin sauran kayanka su haɗu, cewa buɗe fom ɗin Express Entry a shafin gwamnatinsu kyauta ne, cewa duk mai karɓar kuɗi ya cike maka dole ya zama lauya ko mai lasisi daga hukumar da ke kula da su a Kanada kuma ana iya duba sunansa. Iyakarsa kenan. Jarabawar ma ba a wajensa ake yi ba, sai ka je birni cibiyar da aka amince da ita, kuɗinta ya haura albashina na wata biyu ban da mota da masauki, ga kuma kuɗin da za ka nuna a banki cewa za ka iya riƙe kanka in ka sauka. Duk wannan ya faɗa mana tun a watan farko, wasu mutum bakwai suka janye a satin, bai riƙe su ba.

In za a ce in ba shi maki, 8 cikin 10 zan ba shi, biyun na cire ne saboda rubutu da rashin lokacin mata. Wanda yake so ya tafi bayan sallah ajin nan ba nasa bane, Mushe cewa yake daga sifili zuwa mataki na 7 ka ware shekara ɗaya da rabi zuwa biyu in kana yi kullum. Ni a gwajin da ya yi mana watan jiya ya ajiye ni a mataki na 5 a magana da karatu, 4 a ji da rubutu. Shekarata 28, kuma makin shekaru yana fara raguwa ne daga 30, dan haka na san abin da ke gabana. Inna ta tambaye ni ko can akwai masallaci, na nuna mata hoton na Sadbiri a waya, ta yi shiru sannan ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Na ware riɗin bana buhu biyu na kuɗin jarabawa, gobe Laraba kuma akwai aji ƙarfe huɗu da rabi, kayena yana wajen Mushe tun wancan satin ina jiran in ga me jan biro ya ce.