Minti uku ba talla a Times Square: bitar shirin Midnight Moment

Kusan kullum da ƙarfe 11:57 na dare, allunan lantarki sama da 90 da ke dandalin Times Square a birnin New York sukan ajiye tallace-tallacensu, su ɗauki bidiyo guda na wani mai fasaha, su haska shi tare har sha biyu ta buga. Sunan shirin Midnight Moment. Ƙungiyar Times Square Arts ce ke tafiyar da shi tun 2012 da haɗin gwiwar masu allunan, kuma kowane wata sabon aiki ake sawa. Kyauta ne, ba tikiti, ba layi.

Shirin ya cancanci a hana ido barci dominsa, amma daɗinsa ya dogara da inda mutum ya tsaya. Allunan sun bazu ne daga titi na 41 zuwa na 49, wanda ya tsaya a gindin gini kuwa allo biyu ko uku kawai zai gani, su ma a karkace. Wurin da ya fi shi ne jan matattakalar da ke saman rumfar sayar da tikitin wasan kwaikwayo ta TKTS a Duffy Square, arewacin dandalin, wajen titi na 47. A hau sama, a fuskanci kudu, a nan ne ido ke kwashe allunan dama da hagu lokaci guda. A isa da minti goma kafin lokaci, domin daƙiƙa 180 ba ta jiran mai neman wurin tsayawa.

Ba kowane bidiyo ne ke iya wannan fili ba. Allunan ba girmansu ɗaya ba: wani dogo ne siriri, wani ya kwanta, wani ya nannaɗe kusurwar gini. Dole a sake yanka aikin daidai da siffar kowanne, abin da ke tsakiyar hoto a nan sai ya koma gefe a can. Tazarar ƙwayoyin hasken LED ma ta bambanta, haka ƙarfin haskensu, shi ya sa ja ɗaya kan fito jawur a wani allo, a na kusa da shi ya koɗe. Ƙananan rubutu narkewa suke yi. Bidiyo mai duhu kuwa ya fi shan wahala, saboda ba duk allunan dandalin ne ke cikin shirin ba, kuma talla ɗaya mai farin haske a gefe ya isa ya danne shi.

Waɗanda suka gane haka su ne suka ci. A watan Oktoban 2014 Ryoji Ikeda ɗan Japan ya cika allunan da zane-zanen baƙi da fari masu gudu, siffar da duk yadda aka yanka ta ba ta lalacewa. A Janairun 2017 Pipilotti Rist 'yar Suwizalan ta nuna fuskarta manne da gilashi, hanci ya baje, jan-baki ya goge, kamar wadda aka kulle a cikin allon tana neman fita. A wurin da aka saba ganin fuskokin talla sumul, wannan ya sa masu wucewa ɗaga kai. Babban abu guda, launi mai ƙarfi, motsin da ake ganewa cikin daƙiƙa biyar: irin aikin da dandalin ke karɓa ke nan.

Mai son ɗauka da waya zai iya ganin baƙaƙen layuka suna bin allon. Ba laifin wayar ba ne, ƙiftawar fitilun ce ba ta dace da saurin kyamara ba. In wayar na ba da dama, a sa saurin ɗauka a 1/60 na daƙiƙa, layukan za su ragu sosai. Daren da aka yi ruwa ya fi kyau, kwalta kan zama madubi.

Babban giɓin shirin shi ne sauti. A ranakun yau da kullum hoto ne kawai, kunne kuwa hon ɗin tasi da hayaniyar jama'a yake ji, alhali yawancin irin wannan bidiyon fasaha rabin ma'anarsa a sauti take. Shirin CIRCA da aka fara a allon Piccadilly na Landan a Oktoban 2020, da aikin Ai Weiwei, ya nemo wa abin mafita: mai kallo ya buɗe shafinsu a waya, ya sa abin sauraro a kunne, ya ji sautin yana kallon allon. Da Midnight Moment zai mayar da irin wannan abin kowane dare, da ayyuka da dama da ke wucewa shiru sun isa ga mutane cikakku.