Gargaɗi ga mutanen Zariya: mai tallan "sabuwar kalar" New Balance 990 a waya ɗan damfara ne

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon duk wanda ya ga wannan rubutu ya tura wa ƙannensa da 'ya'yansa, musamman ɗaliban Samaru da Kongo da na Poli, domin su ake farauta. Akwai wani mutum da ke tallan kambas a WhatsApp da Instagram, yana cewa yana kawo sababbin kalolin New Balance 990 kai tsaye daga Amurka a kan naira 45,000. Ta hannun ƙanena kaɗai ya cinye naira 291,000, kuɗin yara bakwai 'yan ajinsu. Ban ambaci sunan shafinsa ba don ba shi da amfani, tun da muka fara bibiyarsa sau biyu yana sauya suna da lamba. Salonsa ne ba ya sauyawa, shi ya sa zan tsaya in bayyana shi dalla-dalla.

Ƙanen nawa yana aji uku a jami'a, mayen takalmi ne tun yana ƙarami, kuma ba yaron banza ba ne. Wani abokinsa ne ya jefa shi cikin wani gurup da aka ce na masu yin oda ne kafin kaya su iso. Kullum da safe mai gurup ɗin zai zuba hotuna masu kyau, irin waɗanda kamfani ke ɗauka: ga ruwan toka na gargajiya, ga ruwan ƙasa, ga shuɗi mai duhu, ga wani kore da fari da ya ce wai don Najeriya aka yi shi musamman, ƙafa 200 kacal a duniya. A ƙarƙashin kowane hoto zai rubuta cewa sabon fitowa ne, bai shigo ƙasar nan ba tukuna, yayansa da ke aiki a Amurka ne ke samo masa a farashin ma'aikata. Kafin alƙalami naira 25,000, cikon 20,000 sai kaya sun sauka. Kwana uku za a rufe oda. Wanda ya kawo mutum biyar, nasa kyauta.

Wannan "nasa kyauta" ita ce ƙugiyar. Mutumin bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikin yaran ba. Ƙanena ne ya bi su ɗaki-ɗaki a hostel yana nuna hoto, shi ya karɓi kuɗinsu, shi ya tura. Su ba mai gurup suka yarda da shi ba, ƙanena suka yarda da shi, don tare suke cin abinci tare suke sallah. Yau ɗan damfarar yana can yana barcinsa, ƙanena ne ke kauce wa hanyar da zai haɗu da abokansa. Wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

Bayan mako uku shiru, sai ga saƙon murya: "Oga a yi haƙuri, kaya sun iso Legas amma kwastan sun riƙe, kowa zai ƙara dubu takwas a fitar." Suka ƙara. Asusun da aka turo a wannan karon sunan wata mace ne a jiki, na farko kuwa sunan namiji ne, kuma duka biyun ba sunan da yake amfani da shi a gurup ba ne. Da ƙanena ya yi magana sai mutumin ya ce na matarsa ne, nasa asusun ya cika. Bayan kwana goma kuma ya ce kaya na Kano, duk wanda ya cika 20,000 ɗinsa za a saka masa a mota yau. Uku suka cika, huɗu suka ce sai sun gani da idonsu. Ukun nan an aiko musu da ƙunshi, direba ya kira aka je Kwangila aka karɓa. Huɗun kuwa har yau ko igiyar takalmi ba su gani ba.

A daren ne ƙanena ya zo gida Tudun Wada da kwali ɗaya a leda, ya ajiye a gabana ya ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan, jikina bai ba ni ba." Ina buɗewa warin gam ya buge ni kamar an shiga rumfar shumeka. Harafin N ɗin da ke gefe a karkace yake, na dama ya fi na hagu tsawo. Ɗinkin dunduniya zare na reto. Na danna ƙasan da babban yatsa, tauri kamar tayar baro. A kan harshen takalmin an ɗinka cewa a Amurka aka yi shi, amma 'yar takardar da ke manne a ciki wata ƙasa daban ta ambata. Sai kuma lambar da ke jikin kwalin: M990GL5. Wannan lamba ta 990 zubi na biyar ce, wato samfuri na biyar na takalmin, mai ruwan toka. Abin da ke cikin kwalin kuwa kore da fari ne, kuma a matsayin zubi na shida aka sayar da shi.

Muka kira mai gurup ɗin a gabana. Ya ɗauka da fara'a, har da "ranka ya daɗe". Na lissafa masa abin da na gani. Amsarsa ɗaya ce ga kowace tambaya: ai sabon zubi ne, kamfani ya sabunta. Ƙasan ya yi tauri? Sabon zubi haka yake. Lamba ba ta dace ba? Sabuwar kala ce, ba su buga mata kwali ba tukuna. Da na ce ya turo mini lambar wannan kore da farin in bincika, sai ya ce yana tuƙi zai kira. Kafin asuba ya cire ƙanena daga gurup, ya toshe lambobinmu duka.

Ina so a fahimci dalilin da ya sa wannan ƙarya ke kama mutane, har masu wayo. Tana kamawa ne don an gina ta a kan abin da yake gaskiya. Takalmin 990 tsohon takalmin gudu ne, a 1982 ya fara fitowa, kuma a lokacin dala 100 aka sa masa, farashin da ya ba mutane mamaki ga takalmin gudu. Tun daga nan kamfanin ke sabunta shi: zubi na biyu a 1998, na uku a 2012, na huɗu a 2016, na biyar a 2019, na shida a ƙarshen 2022, wanda aka sa wa ƙasa mai laushi da suke kira FuelCell. Ban da wannan, ko tsofaffin zubin ana dawo da su lokaci zuwa lokaci da sababbin kaloli, wani lokaci tare da haɗin gwiwar masu zanen tufafi, a fitar da kaɗan su ƙare cikin sa'o'i. Yaro mai bin waɗannan abubuwa a waya ya saba ganin kalar da bai taɓa gani ba ta ɓullo yau, gobe ta zama abin yayi. To idan wani ya ce masa ga wata sabuwa da ba kowa ya sani ba, me zai hana ya yarda? Kalmar "sabo" ta zama bargo, duk aibin da ka nuna sai a ja ta a rufe.

Amma bargon gajere ne. Babu wata kala da kamfani zai fitar ba tare da lambarta ba, komai sabuntarta, komai ƙarancinta. Lambar tana jikin kwali, tana kuma jikin takardar da ke bayan harshen takalmin, kuma dole su zama iri ɗaya. Idan ka rubuta lambar a Google, hoton wannan takalmi da wannan kala ne zai fito, a shafin kamfani ko na manyan shagunan waje. M990GL6, alal misali, zubi na shida ne ruwan toka, ba zai taɓa zama ja ko kore ba. Mai kaya na gaskiya ba ya jin nauyin ɗaukar maka hoton takardar nan da wayarsa, takalmin a hannunsa. Wanda kuwa ya ce maka kalar ta yi sabuntar da ba ta da lamba, ya riga ya gaya maka ko shi waye. Sai dai a kula, masu jabu ma sukan kwafi lamba daidai, don haka dacewar lamba ba ita kaɗai ce shaida ba. Rashin dacewarta ne ke yanke hukunci nan take.

Sai lissafin kuɗi, wanda ko ɗan firamare zai iya. Zubi na shida dala 200 aka sa masa a Amurka ranar da ya fito. Ko a ce dala naira 1,000 take cif, wanda kowa ya san ta wuce haka, naira 200,000 ke nan kafin kuɗin jirgi da riba. Wane yaya ne a Amurka zai sayi abu a wannan kuɗi ya aiko maka a 45,000? Takalmin yana da tsada ne don a masana'antun kamfanin da ke jihohin Maine da Massachusetts ake haɗa shi, inda ladan ma'aikaci ba wasa ba ne. Wasu 'yan uwansa kamar 991 a Flimby ta ƙasar Ingila ake yin su, su ma da tsadarsu. Shi kuwa 574 da ya fi yawa a ƙafafun mutane, galibi a ƙasashen Asiya kamar Biyetnam ake ɗinka shi, kuma na asali ne. Na faɗi wannan don kada wani ya ga an rubuta Biyetnam a jikin 574 ɗinsa ya je ya ci kwalar ɗan kasuwa babu gaira babu dalili. Matsalar ita ce takalmi ɗaya ya ce Amurka a waje, ya ce wata ƙasa a ciki.

Akwai kuma wani abu da ya kamata musulmi ya sani, ko da na asalin zai saya. Mutumin nan ya riƙa rantsuwa a gurup cewa fatar saniya ce zalla. Alhali kamfanin da kansa, a bayanin da ya yi wa zubi na biyar, ya rubuta cewa saman takalmin fatar alade ce da raga. Hukuncin sa shi ko yin sallah kusa da shi ba fagena ba ne, Zariya ba ta rasa malamai ba, kowa ya tambayi nasa. Abin da nake nunawa shi ne wanda ke ikirarin shi dilan takalmin ne ko abin da aka yi shi da shi bai sani ba, abin da kunnenka ke son ji kawai yake faɗa.

Kada a ɗauka ina yaƙi da masu sayar da kwafi ne. Ka shiga kasuwar Sabon Gari, akwai 'yan kasuwar da za su ce maka ƙarara, "Malam wannan kwafi ne, ga mai kyau ga na ƙasa da shi, ga kuɗin kowanne." Ka sa a ƙafa, ka taka, ka yi tayi, in ya ɓare ka san rumfar da za ka koma. Wannan bai yaudare ka ba. Haka 'yan gwanjo, in Allah ya ba ka sa'a ranar da aka fasa dila sai ka tsinci na asali da ɗan sauran kwanansa a kuɗin da bai kai kafin alƙalamin da yaran nan suka zubar ba. Ni kaina nawa na gwanjo ne, shekara uku ina takawa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne cinikin biri a sama: hoton kamfani, muryar da ba ka san fuskarta ba, asusun wani daban, da agogon da aka ɗora maka a ka wai saura kwana uku.

Game da shaidun da yake turawa kuwa, hotunan hira da kwastomomi suna "na gode, kaya sun iso, sun yi kyau", daga baya muka lura duk irin rubutun mutum ɗaya ne, har kuskuren da yake yi wajen rubuta "alhamdulillah" iri ɗaya ne a cikinsu. Gurup ɗin kuma a kulle yake, shi kaɗai ke iya magana, saboda haka wanda aka cuta ba shi da bakin da zai faɗa wa na bayansa.

Idan har ka riga ka tura masa kuɗi, kada kunya ta sa ka yi shiru, shirun nan ne jarinsa. Kada kuma ka ƙara ko sisi da sunan kwastan ko kuɗin mota don ka ceto na baya. Ka adana rasit ɗin tiransifa da saƙonnin murya da hoton shafinsa kafin ya goge. Ka je bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, domin irin waɗannan asusun ba sa barin kuɗi ya kwana a ciki. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ana kuma iya kai wa EFCC, tana da ofishi a Kaduna. Karɓar kuɗin mutane da ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, ba a ce sai miliyoyi ba. Mu mun yi duk wannan, mun haɗa yaran bakwai a takarda ɗaya don maganar ta fi nauyi. Har yanzu dai ba a dawo da komai ba.

Na zauna da yaran a Samaru, na ba su haƙuri a madadin gidanmu. Biyu sun ce sun yafe, Allah ya saka musu da alheri. Sauran mun yi yarjejeniya ni da ƙanena za mu riƙa biyansu kaɗan-kaɗan duk wata, domin ɗaya daga cikinsu kuɗin abincinsa na zango ne ya bayar.

Shekaranjiya wata ƙanwarmu da ke Kongo ta nuna mini wani sabon shafi da aka turo mata. Suna daban, lamba daban, yanzu kuma ba 990 yake talla ba, Onitsuka Tiger Mexico 66 ne mai ruwan ɗorawa da Adidas SL 72, wai sababbin kaloli na mata don sallah. Kafin alƙalami 20,000, a rufe oda ranar Juma'a, wadda ta kawo ƙawaye biyar nata kyauta. Na ce ta kunna mini saƙon muryar da ya saka. Ƙanena na tsakar gida yana alwala, yana jin "Hajiya a yi sauri kafin ya ƙare" ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wallahi shi ne."