Bakin bargo: keke mai ɗinkin bilanket ko ƙafar naɗe bayas?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsakanin keken lantarki mai ɗinkin bilanket da ƙafar naɗe bayas da kike tunanin ɗaura wa keken ƙafarki don rufe bakin bargo, keken lantarkin za ki saya. Duka biyun suna ɗakina, kuma muddin bargo mai faiba a ciki kike ɗinkawa, ko kusa ba su yi ba.

Ƙafar naɗe bayas, wato ƙafar keken da ke naɗa tsirin yadi a bakin abin da ake ɗinkawa, an yi ta ne don yadi falle ɗaya ko biyu, irin wuyan riga da bakin hular jariri. Bakinta ƙanƙane ne, bargo kuwa falle uku ne, ga fuska ga faiba ga baya. Da ƙyar yake shiga, kuma duk kusurwar da kika iso sai kin tsaya kin kwance. Tawa tana cikin gwangwanin maɓallai tun ranar da na gwada ta.

Kekena na lantarki Janome ne, kuma saboda ɗinkin bilanket ɗin nan kaɗai da ban yi asarar kuɗina ba. Yadda yake tafiya, allura na bin gefen tsirin yadin da ke rufe bakin bargon a miƙe, sai ta kai cizo ɗaya cikin tsirin ta dawo layinta, ta sake gaba, ta sake cizo. In kin gama za ki ga kamar haƙoran mataji a jere. Amfaninsa a nan yake: ɗinki miƙaƙƙe in hannunki ya ɗan goce, allura ta zame daga bakin tsirin kenan, sai ki tarar da wuri a buɗe bayan wanki. Bilanket kuwa ko kin ɗan kauce, cizon nan ya riga ya kama.

Da 'yata ta yi haihuwar fari, ragowar atamfofin gidan na tattara, har da guntun zanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, na haɗa wa jaririn bargo. Daren suna na zauna rufe bakinsa, mata na ta aikin abinci a tsakar gida, kafin su sauke tukunya na gama kewaye shi da jan zare. Da ɗinkin hannu ne da ban kai ko rabi ba. Kin san wahalar da kayan jariri ke sha, yau fitsari gobe tumbuɗi, wanki ba hutu. Atamfar ta koɗe, faibar ta kwanta, amma har ƙaninsa ya gaji bargon bakin bai buɗe ko'ina ba. Duk ranar da na je gidan na gan shi a kan igiya sai raina ya yi fari.

Ga yadda nake yi, don kada ki sayi keken ki rasa ta inda za ki fara. Ki yanka tsiri mai faɗin inci 2 da rabi. In bargon mai kusurwa huɗu ne, yanka a miƙe ya isa, ba sai kin ɓarnatar da yadi wajen yankan karkace ba, wannan na gefe mai lanƙwasa ne. Ki auna kewayen bargon ki ƙara inci 12. Bargon jariri mai inci 36 da 48 kewayensa 168 ne, kin ga 180 kike nema, wato tsiri biyar daga atamfa, tunda haɗi da gefen yadi suna cin wani abu. Ki haɗa su a karkace don kada kauri ya taru wuri ɗaya, ki ninka biyu a tsaye ki goge. Atamfar nan kuma a wanke ta tukuna, wata tana zuba, wata tana shiga.

Abin da mutane da yawa ke juyawa shi ne gefen da ake farawa. A bayan bargon za ki fara ɗinka tsirin, da ɗinki miƙaƙƙe, tazarar kwatan inci daga baki. Sannan ki juyo shi gaba ya rufe wancan layin, ki danne da guga, ki kama da filoli. Bilanket ɗin ta fuska za ki yi shi, idonki na kan abin da mutane za su gani. Faɗinsa nakan sa milimita 2 zuwa 2.5, tsawonsa 2.5 zuwa 3, allura mai lamba 14. Layin miƙen ya sauka a kan fuskar bargon, dab da bakin tsirin, cizon kuma ya shiga cikin tsirin. In kin ga cizon na fita ta ɗaya gefen, yawancin kekunan kwamfuta suna da maɓallin juya ɗinki. A kusurwa, ki ninka ta ta fito a karkace, ki tsaya lokacin da allura ke ƙasa a kan layin miƙe, ki ɗaga ƙafa ki juya bargon. Ɗinkin zai fito a baya, wannan ba makawa, don haka zaren ƙasa ya zama kalar bayan bargon. Ki kuma nemi ƙafar nan mai tafiya da ake kira wokin fut, ita ke jan fallen sama daidai da yadda haƙoran keke ke jan na ƙasa, in babu ita tsirin yana tattarewa a gabanki.

Ba ki tambayi wannan ba, amma ki saurara, don wajen saye ake cutar mata. Akwai wani ɗinkin kalmasar ɓoye da kusan kowane keken zigzag yake da shi, ɗinki miƙaƙƙe kamar huɗu sannan tsini ɗaya. Wasu masu shago shi suke nunawa su rantse cewa bilanket ne. Ba shi ba ne. Brother da Janome da Singer da Juki duk suna da samfurin da ke yin bilanket, amma ba kowane samfuri ba, sunan kamfani bai ishe ki hujja ba, balle ma akwai masu manna tambarin babban kamfani a jikin keken da ba a san asalinsa ba. Ki tafi da guntun bargonki falle uku, da tsirinsa a ninke, ki sa a jona wuta ki ɗinka da hannunki. Wanda ya ce babu wuta ko a kan ƙyallensa kaɗai za a gwada, ki yi masa sallama. Kada kuma ki tura kuɗi kan hoto a WhatsApp.

Sai maganar wuta. Kekunan da aka shigo da su daga Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Ki duba rubutun da ke jikin keken da idonki. In na can ne, dole sai da tiransifoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawa ɗaya ya ƙone, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗa miki ba. Ko na wutarmu ne, ki haɗa da sitabilaiza, saboda allon kwamfutar ciki ba ya jure hawa da saukar nepa, kuma mai gyaransa wuyar samu gare shi. Sauƙin abin, ba su da cin wuta, ƙaramar sola tana ɗaukarsu.

Keken ƙafarki kada ki sayar, shi za ki ci gaba da haɗa ƙyallaye da shi, ya fi ƙarfi kuma ba ruwansa da nepa. In kuɗin bai cika ba yanzu, ki bi matakan nan da shi, ki rufe ta fuska da ɗinki miƙaƙƙe a hankali, dab da bakin tsirin, kafin adashinki ya fito. Kuɗin ƙafar naɗe bayas ɗin ki ajiye, ki ƙara ki sayi wokin fut ranar da za ki ɗauko keken.