Firiza mai kwanciya ko firji mai ƙofa biyu? Hajiya, ga wadda za ki ɗauka

Hajiya, tunda kuɗin guda ɗaya gare ki, kuma tsakanin firiza mai kwanciya da firji mai ƙofa biyu kike son a zaɓar miki, ki ɗauki mai kwanciyar. Sabuwa dal, mai lita 200 ko kusa da haka, kuma ki ware kuɗin sitabilaiza a gefe tun kafin ki fara ciniki.

Irinta ce a gidana yau shekara shida. Akwai shekarar da wutar layinmu ta lalace bayan Babbar Sallah da kwana biyu, firizar cike da naman layya, aka yi kwana ɗaya da wuni ba wuta. Da na ɗaga murfin, naman yana nan kamar dutse. Mai ƙofa biyu ma na taɓa saya, ya fi daɗin jera kaya, amma miyar da aka zubar a bazarar farko ta sa na yi da-na-sani.

Dalilin ba boyayye ba ne. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, ƙasa take nema. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar firji mai tsayuwa, sanyin zubowa yake yi ta ƙasa kamar ruwa daga bokitin da aka karkata, zafin kicin ya maye gurbinsa. Mai kwanciya kuwa kamar rijiya take: an ɗaga murfi, sanyin yana nan kwance a ciki. Ga bangonta ya fi kauri, ga kayan cikinta sun daskare suna riƙe wa juna sanyi. Abin da masana lafiyar abinci suka ƙiyasta shi ne, ɓangaren firji yana riƙe abinci lafiya kusan awa 4 bayan an ɗauke wuta idan ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya ta kai awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. A zafin Afrilu na Kano ki rage wani abu a kan wannan lissafi. A rukunan da aka kasa layukan wutar lantarki, layin da ke Band A ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, Band C awa 12, Band D awa 8. Ki dubi abin da kuke samu a zahiri a unguwarku. In bai kai rabin yini ba, ɓangaren ƙasan mai ƙofa biyu, wato ɓangaren firji, zai wuni yana ɗumi, ya kwana yana ɗumi.

Ba wai ba ta da aibi ba. Komai aka sa mata daskarewa yake yi. Ƙwai ya fashe, latas da kokwamba su yi laushi su lalace, kwalbar lemo ta tarwatse. Idan akwai mai ciwon suga a gidan da ke amfani da allurar insulin, to a nan magana ta canza, domin insulin ɗin da ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya, wurinsa ɓangaren firji ne, digiri 2 zuwa 8. Mai irin wannan buƙata, ko mai wutar sola tsayayya, shi zan ce ya ɗauki mai ƙofa biyu. Shi ma ya guji wanda ba ya tara ƙanƙara in wutarsa na rawa, don yana da fanka da hita da allon lantarki a ciki, kuma allon nan ne ke fara ƙonewa idan wuta ta yi sama da ƙasa. Wasu firizoji masu kwanciya suna zuwa da maɓallin da ake juyawa su koma sanyin firji kawai, ba daskarwa. In kin samu irin wannan kin huta.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba, amma shi ya fi cin kuɗin mutane: ɗan Kwatano. Za a nuna miki ƙato mai sheƙi a rabin kuɗin sabo, a ce miki ƙarfen Turai ne. Da farko dai tsofaffin firji da firiza da tsofaffin kwamfiresa, wato injin da ke sa su sanyi, suna cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su. Na biyu, ki duba takardar da ke manne a bayansa ko a cikinsa, za ki ga haruffan da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N iyakarsu zafin digiri 32, ST digiri 38, T kuma digiri 43. Tsofaffin na Turai da dama SN ne ko N, garinmu kuwa yana haura digiri 40 a bazara. Irin wannan injin ba zai samu hutu ba, zai yi ta aiki yana shan wuta har ya gaji. Ko sabo za ki saya, ki nemi mai T a jiki. In kuma kin ga an rubuta 110V ko 120V, na Amurka ne, wutarmu 230 ce, ki bar shi a inda kika gan shi.

Masu ha'inci a wannan sana'a dabarunsu ba su da yawa, amma suna kama mutane kullum. A fesa sabon fenti a kan tsatsa. A cire kwamfiresa ta asali a sa wadda aka yi wa kwaskwarima. A ɗura gas a bututun da ke yoyo, ya yi sanyi a shago, ya kai sati biyu a gidanki ya tsaya. Ko a kwana da shi a kunne a nuna miki ƙanƙara da safe, alhali ba ki san awa nawa ya ɗauka kafin ya yi ta ba. Har sabon ma ana manna wa tambarin kamfanin da ba shi ya yi ba. Ko a Sabon Gari za ki saya ko a shagon dila, ki sa a buɗe kwalin a gabanki, lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta kwali da ta katin garanti, a rubuta miki ita a rasit da hatimin shago. A kunna a gabanki daga ɗumi, ki jira minti 15 zuwa 20, ki taɓa bangon ciki ki ji ya fara sanyi. Wanda ya ce babu wuta kuma ya ƙi tada janareta, ki gode masa ki wuce gaba. Ki tafi da maigida ko wani ɗan'uwa da ya san kan abin, ba ɗan kamashon bakin kasuwa ba.

Wajen kawo ta gida a ɗauko ta yadda take zama, kar a kifa ta ko a jingina ta a gefenta don ta shiga Adaidaita. A cikin kwamfiresa akwai mai, in aka karkata ta sai man ya gangara cikin bututun gas. Ta iso, a bar ta ta zauna aƙalla awa 4 ba a kunna ba. In kin san an kwantar da ita a hanya, ta kwana ta wuni. Sannan a kunna ta babu komai a ciki, ta yi 'yan awanni ta ɗauki sanyi, kafin a fara zuba kaya kaɗan-kaɗan. Abinci mai zafi ba ya shiga sai ya huce.

Wurin ajiya: inda rana ba ta dukanta, nesa da risho da murhun gas da tukunyar gas ɗin kanta. A bar tazarar kamar faɗin tafin hannu, santimita 10, ta baya da gefe-gefe. Yawancin firizojin yanzu ta jikin bangonsu suke fitar da zafi, shi ya sa za ki ji gefen da zafi in tana aiki. Ba lalacewa ba ce. Lalacewar tana zuwa ne in aka lulluɓe ta da leda ko zani don kar ta yi datti, ko aka matse ta tsakanin bango da buhunan hatsi. In ƙasan wurin na jiƙa lokacin damina ko wanke-wanke, a ɗora ta a kan katako mai ƙwari, ta zauna daidai ba ta girgiɗi.

Maganar wuta ita zan fi ja, don ita ke kashe firji a garin nan, ba tsufa ba. Ta samu soket nata ita kaɗai a bango, mai baki uku, wanda wayar ƙasa ke aiki a cikinsa da gaske. Gidaje da yawa bakin na ukun ado ne kawai, ba a haɗa komai ba, shi ya sa za ki ji firiza na jan mutum in ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu ko ba takalmi. Kika ji ko ɗan tsikari ne, ki zare filogi ki kira mai wayarin, kar ki ce ai haka take yi. Ƙaramin ekstenshin na kasuwa mai siririyar waya, wanda aka haɗa da dutsen guga da hitar ruwa, shi ne mafarin gobara a gidaje da dama.

Abu biyu ke ƙona kwamfiresa. Na farko, wuta mara ƙarfi, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja. Injin zai yi ƙoƙarin tashi ya kasa, ki ji yana gurnani sai ya yi ƙas, bayan ɗan lokaci ya sake. Kowane yunƙuri zafi yake tarawa a wayoyin cikinsa. Kika ji wannan ƙara, ki kashe ta nan take. Na biyu, a ɗauke wuta a dawo da ita cikin daƙiƙu. Gas ɗin da ke cikin bututu yana buƙatar kamar minti 5 kafin matsinsa ya daidaita, in injin ya tashi kafin nan da nauyi yake tashi. Saboda haka ki sayi sitabilaiza mai 1000VA zuwa 1500VA ga mai lita 200, wadda ke da maɓallin jinkiri, kuma maɓallin ya zauna a danne kullum. Ki karanta iyakar ƙarancin wutar da za ta iya ɗagawa, yana rubuce a jikinta, don in wutarku ta faɗi ƙasa da wannan ita ma ba abin da za ta iya. Haka in za a koma janareta: a kashe firiza, a tada shi ya daidaita, a jira minti 5, sannan a kunna. Ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka kada a ɗora masa ita. Wutar da take sha in tana tafiya ba yawa, amma a lokacin tashi tana jan ninkin hakan sau da dama.

Da an saba da ita, sirrin shi ne kar ta zauna da sarari. Ki cike gurbin da robobin ruwa, amma kar a cika su har baki, a bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu, don ruwa na kumbura in ya daskare. Su ne za su riƙe miki sanyi in wuta ta tafi, su ne kuma ruwan sanyinku da azumi. Nama a raba shi ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya, miya a ƙananan robobi masu murfi, ɗanyen nama da kifi a ƙasa, zoɓo da kunun aya da fura a kwandon sama. Sanyin da ake so digiri 18 ne ƙasa da sifili. Ki sa 'yan gutsattsarin ƙanƙara a leda ki ajiye a sama. Duk ranar da kika tarar sun narke sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya, kin san kayan sun saki a bayan idonki ko da yanzu sun sake daskarewa. Naman da har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke sarai ya yi awanni yana ɗumi, kar a dogara da sansanawa, ƙwayoyin cuta ba duka ke sa wari ba.

In ƙanƙarar bango ta kai kaurin rabin santimita zuwa ɗaya, lokacin narkarwa ya yi, don ita kanta tana tare sanyi. A zare filogi, a kwashe kaya a zuba a cikin kula, a buɗe murfi da 'yar ƙofar fitar ruwa ta ƙasa, a sa roba da ruwan ɗumi a ciki in ana sauri. Don Allah Hajiya, ki hana kowa sa wuƙa ko sukundireba. Bututun gas yana nan dab da bangon ciki, huda ɗaya ta gama da shi, kuma gas ɗin yawancin sababbi, R600a, yana kama wuta. In hakan ta faru a buɗe tagogi, kar a kunna ashana ko makunnin fitila har iska ta wuce. A wanke ciki da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a goge ya bushe. Da hunturu, a zare filogi a share ƙurar da ke toshe ragar da ke gefen injin ko wata-wata. Robar murfi kuma ki gwada ta da takarda: ki rufe murfin a kanta ki ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na gudu ta nan, a canza robar.

Mai gyaran da ya ce miki gas ya ƙare a ƙara, ki tambaye shi ta ina ya fita. Gas ɗin firji ba ƙarewa yake kamar na girki ba, zagaye yake a rufe. In ya ragu, akwai huda, kuma sai an gano ta an toshe kafin a ɗura wani, irin wanda aka rubuta a jikin kwamfiresar, ba R134a a injin R600a ba. In tana cikin garanti ma kar kowa ya taɓa ta sai mutanen kamfanin.

Ki zaɓi mai makulli, tunda gidanki akwai yara. Firizar tana da zurfi, ƙaramin yaro kan taka kujera ya leƙa neman ƙanƙara ya rinjaya ciki, murfi ya rufo. Makullin ya zauna a inda hannunsu ba ya kaiwa. In kuma akwai tsohon firjin da ya mutu a tsakar gida ko soro, a cire masa ƙofa yau ɗin nan kafin masu gwangwan su zo ɗauka.